Jikina Bai Manta da Hanyar Zuba Ba

Shekarar da na samu aiki a Abuja, ban daɗe ina neman ɗaki a cikin birnin ba na gane ba wurin zaman irina ba ne. Wani abokin aiki ya ce in gwada Suleja. A can na samu ciki da falo a Kurmin Sarki, na koma Kano na ɗauko matata da 'ya'yanmu biyu. Aikina na ofis ne, buga takardu da shirya fayil. Kullum da na idar da sallar asuba sai in kurɓi koko in fita bakin titi, in shiga sahun masu jiran motar Abuja. Da yamma kuma in biyo cunkoso in dawo, wani lokaci sai bayan magariba.

Mai gidan da muke haya dattijo ne manomi, gonarsa tana can hanyar Gawu Babangida, yana noman doya da dawa. Ina kiransa Baba, shi kuwa tun ranar da muka tare ya laƙaba mini Bakano. Ya ce kakanninsa daga Zazzau suka zo, saboda haka wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi gadonsa ne, ba zai bar shi ya lalace a hannunsa ba. In na gaishe shi da safe sai ya ce, "Bakano, yau me za ka sayar mini?" Ni kuma in ce, "Baba, wayo ne, amma ba za ka iya biya ba." Da haka muka saba.

Ranar da abin ya faru, babur ɗinsa ne ya lalace, zai je Zuba neman kayan gyara, sai muka fito tare. Muka samu bas ta kusa cika, ya zauna jikin taga, ni a gefensa. Damina ce, an yi ruwa da asuba, titi bai gama bushewa ba. Mun wuce Madalla kaɗan, direba ya samu sarari ya taka mota. Sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerata. Tayar baya ce ta fashe. Motar ta yi dama, ta yi hagu, mata suna salati, sannan ta bar kwalta ta gangara, ta kife a kan gefenta cikin wani rami mai ciyawa.

Allah Ya taƙaita, ba wanda ya rasu. Wata mata ta karye a hannu, kwandasta ya fashe a goshi, sauran duk ƙurjewa ce da buguwa.

Abin da na yi bayan nan, mutane sun daɗe suna ba da labarinsa. Ni na fara fita ta taga. Na jawo Baba, na jawo wata yarinya 'yar makaranta, na riƙe ƙofar baya har kowa ya fito. Na tattara wayoyi da takalma da suka watse a ciyawa, ina tambayar na wane ne wannan. Har na kira ofis na ce zan makara, da murya irin ta wanda ya tsaya gyaran takalmi. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba ma. Sautin mutane yana zuwar mini daga nesa kamar kaina yana cikin ruwa, kuma ina ganin hannuwana suna aiki kamar na wani ne ya ba ni aro. Sai da wani mai babur da ya tsaya taimako ya nuna mini, sannan na ga gilashi ya yanke ni a damtse, jini ya jiƙa hannun rigata.

Baba kuwa ya zauna daɓas a ƙasa, jikinsa yana rawa kamar mazari. Haƙoransa suna haɗuwa, ya kasa riƙe ledar ruwan da aka miƙa masa. Ya yi amai, ya yi hawaye a gaban jama'a, yana ta maimaita hailala. Wani direban tirela da ya tsaya ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan matashin namijin duniya ne." Maganar ta yi mini daɗi.

An kwashe mu zuwa wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗinke mini hannu ta ɗaura mini abin awo, ta duba, ta sake duba fuskata.

"Malam, kana jin wani abu a ƙirjinka?"

"Ba na jin komai. Ki duba dattijon can, shi ne abin tausayi."

"Na duba shi, nasa bugun ya fara sauka. Kai ne naka yake gudu kamar ka yi tsere. Zauna ka huta tukuna."

Na zauna a benci har aka gama da kowa, rana ta ɗaga sosai. Baba ya sha shayi, rawar jikinsa ta tsaya, har ya fara yi wa kwandasta faɗa a kan tsofaffin tayoyi. Ma'aikaciyar jinyar ta sake auna ni, ta girgiza kai.

"Har yanzu bai sauka ba. Fuskarka lafiya lau, amma jikinka bai yarda an gama ba. In ka ga barci ya ƙi, ko ka riƙa firgita, ka je asibiti, kada ka yi shiru."

Na yi mata godiya, na fito ina murmushi. A raina na ce aikinsu ne su tsorata mutane.

Makonnin farko, in ban da ciwon hannu, ban ga wani canji ba. Na koma aiki, ina shiga mota ina fita. Baba ne ya zama abin kallo a unguwa. Duk wanda ya zo yi masa jaje sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin tun daga tashar mota, ya kwaikwayi ƙarar taya da bakinsa, ya nuna yadda haƙoransa suka riƙa haɗuwa. A majalisar ƙofar masallaci har suka fara cewa, "Baba, mun ji, motar ta kife." Ni kuma na samu abin wasa. In ya ce mini Bakano, sai in ce, "Bazazzagi mai rawar sanyi da damina." Shi da kansa yake fara dariya.

Ni ban ba kowa labari ba. In an tambaye ni sai in ce Allah Ya kiyaye, in kawo wani zancen.

Abin ya fara ne a hankali, bayan an cire mini zare, an daina zuwa jaje. Wata safiya ina tsaye bakin titi, bas ta tsaya a gabana, kwandasta yana kiran mutum ɗaya, sai ƙafafuna suka ƙi ɗagawa. Gumi ya karyo mini, bakina ya bushe, ƙirjina yana dukan uku-uku. Na matsa gefe na yi kamar ana kirana a waya. Motoci da yawa suka wuce kafin na iya shiga wata, kuma har muka isa hannuna yana damƙe da ƙarfen kujerar gaba.

Daga nan abin ya bazu. Akwai mai facin taya a bakin layinmu, in ya ƙona roba warin ya shigo hancina, sai in ga ciyawar ramin nan a gabana, jiƙaƙƙiya, da takalmin yaro guda ɗaya a kwance. In marfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai in zabura tsaye kafin in san me ya faɗi. Barci ya zama guntu-guntu, mafarkin kuma iri ɗaya ne, mota tana karkata ba ta gama faɗuwa. Na fara tashi da ciwon wuya da na muƙamuƙi, ashe cije haƙora nake yi. A ofis in buga layi ɗaya in manta na gaba. A gida kuwa na zama mai saurin fushi. Ranar da ƙaramar 'yata ta fasa balan-balan a bayana, na daka mata tsawar da ta sa ta ɓuya bayan uwarta, ta ƙi zuwa wurina har washegari.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a tunanina ba na tsoron komai. Na san ƙaddara, na san mota ba ta kashe wanda kwanansa bai ƙare ba. Ina faɗa wa kaina haka a bakin titi, kaina ya yarda, amma gwiwoyina su ƙi ji. Sai na yanke cewa ciwon zuciya ne ya kama ni, irin wanda ya ɗauke wani kawuna yana cikin ƙarfinsa. Na riƙa kallon yarana suna cin abinci ina tunanin wa zai riƙe su. Wani lokacin kuma in ce ko dai taɓuwa ce take zuwa, wannan kuwa ko a zuci ba na son in ƙarasa faɗinsa.

Matata ce ta fara magana. Wata Asabar da hantsi tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baban yara, tun hatsarin nan ba kai ba ne."

"Gajiya ce kawai. Hanyar nan ba sauƙi."

"Da ma kana bin hanyar, ba ka zabura don an rufe ƙofa. Ina jin ka kana juyi. Na faɗa wa Innata a waya, ta ce a yi maka addu'a, ko wani abu ka gamu da shi a dajin."

Ban yi musu ba. Limamin unguwa ya zo ya yi mini karatu, ya ba ni azkar na safe da yamma. Na ji sanyi a raina ƙwarai, kuma har yau ban bar su ba. Amma da zai tafi, a zaure, ya rage murya ya ce, "Malam, a haɗa da asibiti. Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, ba a san ta inda zai zo ba."

A babban asibiti aka auna jinina, aka manna mini wayoyi a ƙirji aka ɗauki bugun zuciya. Likitan da na gani Banufe ne mai furfura kaɗan a gemu, Hausarsa tana da ɗan nauyin harshen garinsu. Ya duba sakamakon ya ce zuciyata lafiyarta ƙalau. Maimakon in yi murna sai na ji haushi, don in ba zuciya ba ce to saura ɗayan ke nan. Ina jin ya ga haka a fuskata, sai ya ajiye biro ya gyara zama.

"Yaushe abin ya fara?"

Na faɗa masa, na ambaci hatsarin a taƙaice kamar yadda na saba.

"A'a, koma baya. A ranar, jikinka me ya yi?"

"Bai yi komai ba, likita. Ni na fitar da mutane."

"Ka ji zafin yankan nan lokacin?"

"Ban ji ba."

"Ka ji kamar kana wurin, ko kamar kana kallo?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, kuma ban san akwai wanda ya san ana jin haka ba. Na ba shi labarin sautin da ke zuwa daga nesa, da hannuwan da kamar ba nawa ba. Sannan na tuna da ma'aikaciyar jinyar nan, na faɗa masa abin da ta ce game da bugun da ya ƙi sauka.

Ya gyaɗa kai. Ya ce jikin ɗan Adam yana da nasa mai gadin. In ya hango mutuwa kusa, ba ya jiran shawarar kai: yana sakin wasu sinadarai cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, zafin ciwo ya ɗauke, duk don mutum ya tsira. Ya ce wannan rahama ce, ita ta ba ni ƙarfin riƙe ƙofar nan. Ga yawancin mutane, da an tsira sai abin ya lafa a hankali. Ga wasu kuwa yakan daɗe a sama, kuma abin da jiki ya koya cikin wannan zafin yakan zauna daram, kamar shaidar da ake yi wa saniya da ƙarfe mai wuta. Shi ya sa daga baya wari ko ƙara kawai sai su tayar da shi, jiki ya ɗauka ranar ce ta dawo.

"To ai dattijon da muke tare shi ya yi rawar jiki har da kuka," na ce, "ga shi yana ta harkarsa."

"Ba doka ba ce," in ji shi. "Wani zai yi rawar jiki ya warke, wani zai yi kuma ya zo ya zauna inda kake zaune. Wani bugunsa zai yi sama ranar, daga baya ba abin da zai same shi. Mu dai alamu ne muke lura da su. A labarinka na ji biyu: bugun da ya daɗe bai sauka ba, da jin kamar ba kai ne a wurin ba. Natsuwar fuska ba ita ce natsuwar jiki ba."

Na tattara ƙarfin hali na yi tambayar da ta kawo ni. "Likita, ba hauka ba ne?"

"Ba hauka ba ne. Ba kuma raunin imani ba ne. Ciwo ne sananne da ke biyo bayan firgici, muna ganinsa wurin direbobi da sojoji da matan da suka sha wuyar haihuwa. Kuma ana samun sauƙi."

Ban san lokacin da na sauke wata doguwar ajiyar zuciya ba. Na ji kafaɗuna sun sauko, kamar na daɗe ɗauke da buhu ban sani ba. Da na fito, na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a harabar asibitin, na sayi gyaɗa dafaffiya na cinye tas. Rabon da in ji ɗanɗanon abu haka har na manta. Na kira matata na ce mata ba zuciya ba ce, ba kuma ɗayan ba ne. Ta yi hamdala, sannan ta ce in taho da tumatir.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Na riƙa komawa asibitin lokaci-lokaci. Aka koya mini yadda zan ja numfashi a hankali in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, duk lokacin da ƙirjina ya fara. Aka sa ni in ba da labarin ranar daki-daki, da warin da ƙarar da komai, in sake bayarwa, har ya daina shaƙe ni. Karon farko da na kai ƙarshensa, jikina ya kama rawa a kan kujera, haƙorana suna haɗuwa. Na ji kunya, likitan ya ce in bar shi ya yi, ba abin da zai same ni. Da ta tsaya sai na ji wata irin gajiya mai daɗi. Ya kuma ce kada in guje wa hanya, amma kada in yi wa kaina dole, in riƙa matsawa kaɗan-kaɗan.

A nan Baba ya shigo. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na faɗa masa duk abin da ake ciki. Na shirya wa tsokana, don na ba shi dama babba. Bai ce mini Bakano ba ranar. Ya ci gaba da sassaƙa ƙotar, can ya ce, "Ɗana, ai na gani. Ina ganinka a bakin titi kana barin motoci suna wucewa. Na ce in na yi magana za ka ji nauyi." Ya busa ƙurar itacen ya ƙara da cewa, "Kana tsammani don daɗi nake damun mutane da labarin nan? In ban faɗa ba, abinci ba ya wuce mini nan." Ya nuna maƙogwaronsa.

Ranar Lahadi ya goya ni a babur zuwa gona. Tafiya yake a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci suna wuce mu, ni ina bayansa ina jan numfashi yadda aka koya mini. A gonar ya ba ni fartanya muka yi ta tone doya har rana ta take. Zuciyata ta yi ta bugawa, gumi ya jiƙa ni, amma wannan karon na san dalilinsa, kuma da na zauna a inuwa sai na ji yana sauka da kansa. Na sa hannu a ƙirji ina saurare, ina mamaki. Muka gasa doya muka ci da manja da barkono. Baba ya ce noman Bakano ko kaza ba zai ciyar ba, na gane mun koma daidai.

Bayan nan ya riƙa ƙirƙiro dalilin zuwa Madalla ko Zuba, wai zai duba farashin taki, wai zai gai da wani aboki, don dai mu shiga mota tare. In mun zo daidai ramin sai ya nuna da baki ya ce, "Ga gidanmu nan." Karon farko na rufe ido. Na biyu na kalla ta gefe. Daga baya na dubi wurin sosai, na ga rami ne kawai, wani ma ya shuka masara a gefensa.

A gida ma abubuwa suka warware. Na zaunar da 'yata na ce mata Abba ba ya son ƙara ne saboda motar da ta faɗi da shi, ba don ta yi laifi ba. Ta yi tunani ta ce to za ta riƙa faɗa mini kafin ta fasa. Haka kuwa ta riƙa yi, takan zo ta tsaya a gabana da balan-balan ta ce, "Abba, ka shirya?"

Ba zan ce komai ya wuce ba. Har yau ba na zama a kan tayar baya in akwai wani wurin, kuma in salansar babur ta yi ƙara kusa da ni, kafaɗata takan ɗaga. Bambancin shi ne yanzu na san me ke faruwa, nakan ja numfashi in ba shi lokaci ya wuce, kuma yana wucewa.

Wata ranar Litinin bayan an girbe dawa, na shiga bas kamar kullum, aka matse ni tsakanin wani mai sayar da waya da wata mata mai kwandon ayaba. Rediyon direba yana ta surutu a kan ƙwallo. Ina tuna mun bar Suleja, ina tuna dutsen nan na Zuma ya bayyana ta taga. Abu na gaba da na sani shi ne kwandasta yana taɓa kafaɗata yana cewa, "Oga, an zo ƙarshe, ka sauka." Na buɗe ido na ga motar ba kowa, na wuce inda nake sauka da nisa, har da miyau a gefen bakina. Sai da na hau wata motar na dawo baya, na isa ofis a makare, shugabana ya tsare ni da ido yana jiran bayani. Na ce masa barci ne ya kwashe ni a mota, ina faɗa ina murmushi, shi kuwa ya rasa abin da ya sa nake farin ciki da hakan.